Tsohon Kan Jirgi Ba Gwangwan Ba Ne

  

Yau maganar jirgin ƙasa za mu yi. Kar ranku ya tafi kan na Abuja zuwa Kaduna da ake hawa ana ɗaukar hoto a Rigasa. Tsohon nake nufi, mai cin kwal, mai tuƙa hayaƙi, wanda kakanninmu suka sani. Takamaimai ma kan jirgin, wato injin nan da ke gaba yana jan taragu. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: 'yan kaɗan ɗin da suka rage a ƙasar nan, me za mu yi da su kafin tsatsa da masu yankan ƙarfe su ƙarasa su?

Na san wani zai ce, haba, ana fama da tsadar shinkafa kana maganar tsohon ƙarfe. To ɗan uwa ka yi haƙuri, za mu zo kan wannan, don tambaya ce mai kyau. Amma bari mu fara daga Jos.

Idan ka je gidan tarihi na ƙasa da ke Jos, wanda aka buɗe a 1952 ƙarƙashin jagorancin Bernard Fagg, a harabar wurin akwai tsoffin kawunan jirgi da taragu na wani layin dogo da yawancin matasanmu ba su taɓa jin labarinsa ba. Turawa suna kiransa ƙaramin layin Bauchi, duk da cewa bai je garin Bauchi ba. Daga Zariya ya tashi, ya bi ta Rahama, ya hau tsaunukan Filato, ya kai Jos da Bukuru a 1914. A lokacin yankin na ƙarƙashin lardin Bauchi ne, shi ya sa sunan.

Me ya sa aka gina shi? Kuza. Kafin a shimfiɗa wannan layi, da ka ake ɗaukar kuza daga Filato. 'Yan dako ne suke dakonta a ƙafa, kwana da kwanaki, har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake zuba ta a jirgin ruwa. Kamfanonin haƙar ma'adinai suka matsa wa gwamnatin mulkin mallaka lamba cewa wannan hanya ta yi musu tsada kuma ta yi jinkiri. Sai aka yi musu ɗan siririn layi mai araha. Faɗin da ke tsakanin ƙarafunansa biyu ƙafa 2 ne da inci 6. Babban layin da ya taso daga Legas ya wuce Kano kuwa ƙafa 3 ne da inci 6. Kun ga ke nan jirgin wannan ba ya iya hawa layin wancan. Duk kayan da aka kwaso daga Jos, in an zo Zariya dole a sauke su a sake lodawa a babban jirgi. Su wa suke wannan sauke da lodi? Leburori. Mutanenmu.

A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, ya haɗa Filato da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. Daga nan kasuwar ƙaramin layin ta fara ja da baya, motoci ma suka shigo, har aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafunan. Yau in ka bi hanyar Zariya zuwa Jos a mota ba lallai ka san jirgi ya taɓa ratsa wurin ba. Babbar shaidar da ta rage da za ka iya taɓawa da hannunka ita ce waɗancan injuna da ke Jos.

Kuma ba su kaɗai ba ne. A Minna akwai ɗan ƙaramin kan jirgi na tsohon layin Zungeru, tun zamanin da Zungeru take hedikwatar Arewa. A Ebute Metta a Legas, cikin harabar Hukumar Jiragen Ƙasa, akwai wani tsohon gida da ake kira Jaekel House, wanda wata ƙungiyar masu kishin tarihi mai suna Legacy ta gyara ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihin reluwe. Sannan duk wanda ya taso kusa da unguwar reluwe a Zariya ko Kaduna ko Kafanchan ko Kano ya san yadda tsoffin taragu da ƙarafuna suke zube cikin ciyawa, awaki na kwana a ƙarƙashinsu.

To yanzu, don mu fahimci me ake nufi da gyara irin wannan inji, sai mun san yadda yake aiki. A sauƙaƙe, kan jirgi mai tururi ƙatuwar tukunya ce a kan ƙafafu. A baya akwai murhu inda ake zuba kwal. Zafin wutar yana bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa tsakiyar ruwan tukunyar. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru da ƙarfi, sai direba ya buɗe masa hanya ya shiga wasu silinda a gefe, ya riƙa tura fistin gaba da baya. Fistin ɗin na haɗe da dogayen sandunan ƙarfe, su ne suke juya ƙafafun. Mutum biyu ne a kai aƙalla: direba, da mai zuba kwal da shebur, wanda yake tsaye gaban wuta tun daga tashi har isa. Ku ƙiyasta wannan aiki a watan Afrilu tsakanin Kano da Nguru. Kwal ɗin daga Enugu ake kawo shi, shi ya sa ma aka gina layin Fatakwal zuwa Enugu da aka gama a 1916. Ruwa kuma dole a tsaya a sha a hanya, shi ne dalilin manyan tankunan nan da kuke gani a sama a tsoffin tashoshi.

Abin da ke kashe irin wannan inji idan an ajiye shi a fili, ruwan sama ne. Ruwa yana shiga ta bututun hayaƙi, ya haɗu da tsohuwar toka da ta rage a ciki, su riƙa cin ƙarfen daga ciki. Sannan jikin tukunyar akan naɗe shi da wani farin abu mai kama da auduga don riƙe zafi, a rufe da fallen ƙarfe. Wannan abu yana tsotse ruwa ya riƙe, sai tsatsa ta yi ta aiki a ɓoye. Daga waje ka ga inji tsaye ƙyam, ciki kuwa ya zama rariya. Katakon taragu kuma gara ce da rana suke rabonsa. Bayan su sai ɗan Adam: duk abin da yake na tagulla, irin su usur, da famfuna, da agogon awon tururi, da farantin da ke ɗauke da sunan kamfani da lamba da shekarar ƙira, su ake fara kwancewa. Kuma wannan faranti shi ne takardar haihuwar injin. In ya tafi, sai an sha wahala kafin a tabbatar da wane inji ne, daga ina ya zo.

A nan zan ja kunne. Wancan farin abu da na ce ana naɗe tukunya da shi, a tsoffin injuna galibi asbestos ne, kuma ƙurarsa tana illa ga huhu, har tana jawo ciwon daji bayan shekaru. Don Allah kar wani ya ji wannan shiri ya ɗauki guduma da abokansa su je su fara ɓamɓare jikin tsohon inji da sunan kishi. Wannan sashen aikin masana ne masu kayan kariya.

Yauwa. Masu wannan sana'a a duniya sun kasa gyara kashi uku, kuma rashin bambance su ne yake sa mu karaya tun kafin mu fara.

Mataki na farko shi ne tsayar da lalacewa. A yi wa injin rumfa. A toshe bakin bututun hayaƙi. A kwashe toka da shara da ƙasar da ta taru. A sare ciyawa da itatuwan da suka tsiro a kai. A shafa mai da giris a gaɓoɓi. A kewaye wurin, a sa mai gadi. A ɗauki hoton kowane sashe, a rubuta lambobinsa a littafi. Wannan matakin kwano ne da katako da giris da mutane masu lura.

Mataki na biyu shi ne gyara don nuni. A kankare tsatsa, a yi maganinta, a ƙera sassan da suka ɓace, a yi fenti da ainihin launin da injin yake da shi lokacin yana aiki, a mayar masa da lambarsa. Ba zai tashi ba, amma zai tsaya da mutuncinsa yaro ya gan shi kamar yadda kakansa ya gan shi. Ka'idar masana a nan ita ce duk abin da za a iya ceto na asali a bar shi, duk abin da aka sauya kuma a rubuta cewa sabo ne. Ba a zuwa da bokitin fenti a shafe kan tsatsa don baƙo zai zo gobe. Fenti a kan tsatsa rufe ciwo ne da tsumma, ƙarfen zai ci gaba da ruɓewa a ƙasa.

Mataki na uku shi ne a tayar da injin ya yi tafiya da tururinsa. Nan ne kuɗi suke. Dole a kwance shi gaba ɗaya, a sauya bututun tukunya, a cika ta da ruwa a matsa fiye da ƙarfin da za ta yi aiki da shi don a ga ko za ta yoyo, domin tukunyar da ta fashe da tururi bam ce. A Ingila akwai wani shahararren kan jirgi mai suna Flying Scotsman. Gidan tarihin jiragen ƙasa da ke birnin York ya shafe shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, yana gyaransa, aka kashe sama da fam miliyan 4. Inji ɗaya fa. Kuma ko a can akwai masu cewa tayar da tsohon inji yana cinye asalinsa, don kullum sai an sauya wani sashe, a ƙarshe sunan ne kawai tsoho.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, mu yanzu ba mataki na uku ne a gabanmu ba. Da zarar an ta da maganar sai a ce ina za mu samu biliyoyi, sai kowa ya watse. Alhali matakin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne ya fi araha. Injin da aka yi wa rumfa zai iya jiran jikokinmu su zo da kuɗinsu da iliminsu. Wanda aka bari a ruwa ba zai jira kowa ba.

In kuna ganin wannan sai ƙasar masu kuɗi, to mu leƙa Saliyo. Ƙasar tana da layin dogo mai faɗi daidai da na Zariya zuwa Jos, ƙafa 2 da inci 6. An rufe shi a 1974, aka sayar da ƙarafuna da injuna a matsayin gwangwan. Amma wasu ma'aikatan reluwe suka keɓe wasu injuna da taragu suka ajiye su cikin tsohon garejin gyara da ke unguwar Cline Town a Freetown. Cikinsu har da taragon da aka tanada domin ziyarar Sarauniya Elizabeth a 1961. Kayan nan suka zauna a wurin kusan shekara talatin. Yaƙin basasa ya zo daga 1991 zuwa 2002, 'yan gudun hijira suka fake a cikin ginin, kayan suka sha wahala, amma suka tsira. A 2004 wani hafsan sojan Birtaniya da ke aiki a ƙasar, Kanar Steve Davies, ya ga wurin, ya haɗa kai da mutanen gari da gwamnati, aka share, aka kankare, aka yi fenti. A 2005 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihin jiragen ƙasa na Saliyo. Ƙasar da ta fito daga yaƙi ke nan, wadda a lokacin take cikin mafi talauci a duniya.

Ku lura da abin da ya ceci kayan nan. Kafin zuwan Baturen, abu biyu ne: rufin gini, da wasu ma'aikata da suka ce wannan kam ba za a yanka ba. Da a fili aka bar su, da ya zo bai tarar da komai ba.

Akwai ƙarin abin tunani a labarin. Ɗaya daga cikin injunan Saliyo, mai lamba 85, wasu masu sha'awar jiragen ƙasa daga yankin Wales suka saye shi a 1975, suka kai shi wani ɗan layi da ake kira Welshpool da Llanfair, ya yi shekaru yana jan masu yawon buɗe ido. Wato abin da aka ga ba shi da amfani a gida, wasu suka biya kuɗin jirgin ruwa suka ɗauke shi, kuma mutane suna sayen tikiti don su hau. Mu da muke kukan kayan tarihinmu da aka kwashe zuwa Turai, ya kamata mu tambayi kanmu yadda muke riƙon waɗanda suka rage a hannunmu.

Yanzu maganar 'yan gwangwan. Na san da yawa cikin masu saurarenmu wannan ce sana'arsu ko ta 'yan uwansu, kuma sana'a ce da take ciyar da gidaje. Ba na zaginta. Wanda ya je ya kwance ƙarfen layin dogo cikin dare ɓarawo ne, kuma yana wasa da rayukan fasinjoji, wannan daban. Amma mai sayen tsohon ƙarfe ta hanyar halal, shi kilo yake gani, don babu wanda ya taɓa gaya masa akwai wani abu bayan kilo. Kuma ku ji wannan: a garin Barry na Wales akwai wani dillalin gwangwan mai suna Dai Woodham. Lokacin da Birtaniya ta daina amfani da jirage masu tururi a shekarun 1960, ya sayi kusan kawuna 300 don ya yanka. Sai ya ga yanka taragu ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, ya bar injunan a jere. Ƙungiyoyin sa-kai suka riƙa tara kuɗi, suna zuwa suna saya ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe an fitar da 213 daga filinsa. Babban kaso na tsoffin injunan da ke tafiya a Birtaniya yau daga hannun ɗan gwangwan suka fito. Don haka dillalan ƙarfe na Kano da Kaduna da Jos abokan shawara ne. Su ne suke fara sanin in za a yi gwanjon wani abu. Su ne farantin tagulla mai lamba yake faɗawa hannunsu. In mun zauna da shugabanninsu muka ce in irin wannan ya zo a kira mu kafin a narka, ba ƙaramin abu za a ceto ba.

To mu dawo kan ɗan uwana mai maganar tsadar shinkafa, da kuma wani da zai ce, ai waɗannan kayan Turawan mulkin mallaka ne, da su aka kwashe arzikinmu, don me za mu yi musu kwalliya?

Gaskiya ne, don kwasar kaya aka yi layin dogo. Dubi taswirarsa: daga inda ake noma ko haƙa, zuwa bakin teku. Layin Baro zuwa Kano da aka fara a 1907 zamanin Gwamna Girouard, ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai zai kwaso. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Layin Ƙauran Namoda a 1929, na Nguru a 1930, duk lissafin kaya ne. Kuma ba da lallashi aka gina su ba. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗebo mutane daga ƙauyuka, su haƙa ƙasa da diga, su ɗauke ta a ka cikin kwando. A lokacin yaƙin duniya na biyu an yi irin wannan ɗiba ta tilas zuwa ramukan kuza na Filato, mutane da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta.

Amma wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa a adana su. An ƙera injin a Ingila, na yarda. Wa ya shimfiɗa masa hanya? Wa ya zuba masa kwal? Wa ya haƙo kwal ɗin? A Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley kusa da Enugu saboda suna neman haƙƙinsu. A 1945 ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suna sahun gaba a babban yajin aikin da ya tsayar da ƙasar nan sama da wata guda, wanda ya ƙara wa fafutukar neman 'yanci ƙarfi. Kaduna da Kafanchan, reluwe ce ta raine su. Unguwannin Sabon Gari, da cuɗanyar ƙabilu da ta zo da su, mai daɗinta da mai ɗacinta, jirgi ne ya kawo. In an narkar da injin an yi rodi da shi, Bature bai yi asarar komai ba, takardunsa na nan a ɗakunan ajiya na Landan. Mu ne muka rasa abin da za mu nuna wa yaro mu ce ga abin da kakanka ya yi wa bauta, ga kuma inda ya tsaya ya ce a'a.

Shi ya sa yadda za a nuna injin yake da muhimmanci kamar gyaransa. In ka tsayar da kan jirgi ka liƙa ɗan allo da Turanci mai cewa kamfani kaza ya ƙera shi a shekara kaza, nauyinsa tan kaza, to labarin maƙerin ka bayar, ka bar namu. Ni abin da nake so in gani a Jos ko Zariya shi ne bayani da Hausa, da boko da ajami, da Turanci, da harsunan mutanen wurin kamar Berom. A ajiye shebur ɗin mai zuba kwal kusa da injin, yaro ya ɗaga ya ji nauyinsa. A ajiye kwandon leburan da buhun kuza. A sa taswirar tashoshin da jirgin ya bi, mutum ya nemo garinsu da yatsa. A sa lambar da za a ɗauka da waya a ji muryar tsohon direba yana ba da labari da bakinsa.

Wannan muryar ita ce ta fi damuna, don ta fi ƙarfen saurin tafiya. An yi amfani da injuna masu tururi a Najeriya har cikin shekarun 1970. Saurayin da ya zuba kwal a lokacin, yau dattijo ne mai shekara saba'in da wani abu ko tamanin. Wanda ya yi aiki a layin Zariya zuwa Jos kafin 1957 kuwa, in yana raye, ya doshi casa'in ko ya wuce. Suna nan a unguwanninmu, wasu suna bin layin fansho. Su ne suka san wane launi injin yake da shi, wace irin ƙara yake yi in ruwa ya yi ƙasa, a wace tasha mata suke kawo fura da dafaffen ƙwai. Duk wanda ya rasu cikinsu, Allah ya jiƙansa, ya tafi da abin da babu shi a littafi.

Game da shinkafa kuma: gyaran inji aiki ne. Aikin mai walda ne, da maƙeri, da kafinta, da mai fenti, da mai gadi, da mai yi wa baƙi bayani, da mai sayar da abinci a ƙofa. A Zariya kaɗai akwai Jami'ar Ahmadu Bello da sashen injiniya da na tarihi, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, akwai cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa. Ɗalibai nawa ne suke neman aikin kammala karatu suna kwafo na wasu daga intanet, alhali ga inji na gaske da za su auna, su zana, su rubuta tarihinsa? Kenya ta buɗe gidan tarihin reluwe a Nairobi tun 1971, 'yan makaranta da baƙi suna biya su shiga. Ba zan ce muku wannan zai kawar da talauci ba. Amma kuɗin narkakken ƙarfe sau ɗaya ake cinsa, shi ke nan.

To me za mu yi, ni da ku? Abu huɗu nake roƙo, kuma babu wanda yake buƙatar kasafin kuɗi.

Na ɗaya, mu ƙirga. In akwai tsohuwar tasha ko garejin reluwe a garinku, ku je da rana, ku gaida ma'aikata, ku nemi izini, don wurin yana da masu shi. Kar a haura katanga. Ku ɗauki hoton duk tsohon inji, tarago, tankin ruwa, ko allon sunan tasha. Ku nemi lamba ko rubutu a jikinsa. Ku turo nan da sunan gari da ranar da kuka ɗauka. Abin da aka san da shi, aka ƙirga, aka wallafa hotonsa, yana da wuya ya ɓace cikin dare ba a tambaya ba.

Na biyu, mu naɗi muryoyi. In akwai tsohon ma'aikacin reluwe a danginku ko unguwarku, ku kai masa goro, ku zauna, ku ce Baba a ba mu labari. Ku nemi yardarsa kafin ku kunna waya. Ku tambaye shi shekarar da ya fara, aikin da ya yi, albashinsa, abin da ya fi ba shi tsoro a hanya. Kar ku manta da iyayenmu mata da suka yi talla a tasha ko suka zauna a kwatas ɗin reluwe, nasu labarin daban ne.

Na uku, mu ziyarta. 'Yan Jos da masu zuwa hutu, ku shiga gidan tarihin nan, ku biya kuɗin shiga, ku nemi a nuna muku jiragen. Ku duba da idon wanda ya ji wannan shiri: akwai rumfa? Ruwa na shiga? Akwai bayanin da ƙanenka ɗan firamare zai gane? Ku tambayi ma'aikatan me suke buƙata. Malaman makaranta, ku kai ɗalibai. Gani ya kori ji.

Na huɗu, mu rubuta. Injunan reluwe suna ƙarƙashin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, kayan tarihi kuma suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Buƙatarmu gare su mai sauƙi ce: kafin a yi gwanjon tsoffin kayan reluwe, a bar masana tarihi su duba su ware abin da ya cancanci ajiya, kuma a wallafa jerin abin da aka ware. In mun je da hotuna da lambobi da sunayen garuruwa, maganarmu za ta fi nauyi fiye da zagi a Facebook. Wakilanmu a majalisa ma a kai musu kwafi.

Ana gina sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, kuma muna fatan Allah ya sa a gama lafiya. Ina so ranar da yaro zai je sabuwar tasha, ya tarar da tsohon kan jirgi a ƙofa ƙarƙashin rumfa, da sunayen garuruwan da aka ɗebo leburorin da suka yi na farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan maganar jinkar ce ma ake nema.

Nan za mu dakata. Ku rubuto mana a ƙasa: a garinku me ya rage na reluwe, kuma wa kuka sani da ya yi aiki a cikinta? Wanda ya fara turo hoto ko murya, da shi za mu buɗe shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana.  Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.